Filin Tambaya da Amsa: Gyara Taminal Yadda Zai Jure Ɗauke Wuta da Yankewar Netwok

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa. Saƙonnin da suka shigo wannan karon kusan duk akan taminal ne, baƙin allon nan da ake rubuta umarni, shi yasa na haɗa su waje ɗaya, sauran tambayoyin waya da na gyaran laftof kuma sai fitowa ta gaba in Allah Ya kai mu. Na ɗan taƙaita wasu saƙonnin saboda fili.

Tambaya: Salam Malam, ni ɗaliba ce a Zariya, Ubuntu 22.04 nake amfani da shi. Na sauke wata manhaja da pip, abin girka kayan Python, ya nuna min komai ya shiga lafiya amma da na kira sunanta sai ya ce `command not found`. Na sake saukewa, har yanzu haka. Dan Allah ina matsalar take?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanwata. Ki daina ƙona datarki, manhajar tana nan cikin kwamfutar lafiya lau, shel ɗin, wato manhajar da take karɓar umarninki a taminal, shi ne bai san inda zai ɗauko ta ba. Idan kika rubuta umarni, bash, wanda shi ne shel ɗin Ubuntu, ba ya bin kwamfutar lungu-lungu yana nema, yana da jerin foldoji da ake kira PATH, su kaɗai yake leƙawa ɗaya bayan ɗaya daga hagu zuwa dama, wanda ya fara cin karo da shi shi zai kunna, in kuma ya kai ƙarshe bai gani ba sai ya faɗa miki abinda ya faɗa miki ɗin nan. Ki rubuta `echo $PATH` za ki ga jerin da idonki, an raba su da ɗigo biyu.

Shi pip in ba da sudo, wato ikon admin, aka kira shi ba yana ajiye kayansa ne a `~/.local/bin`. Ubuntu ya san da wannan foldar, a cikin `~/.profile` ɗinki akwai layin da yake ƙara ta, amma sai in ya tarar da ita lokacin da kika shiga akawun ɗinki, toh ke kuma sai bayan kin shiga aka ƙirƙire ta. Kinga kenan ko fita kika yi kika sake shiga magana ta ƙare. In kuma kina so ki sa da hannunki, buɗe `~/.bashrc` ki je can ƙasa ki rubuta:

`export PATH="$HOME/.local/bin:$PATH"`

sannan `source ~/.bashrc`. Dan Allah ki lura da `:$PATH` ɗin nan na ƙarshe, shi ne yake riƙe da tsohon jerin. Duk wanda ya manta shi zai buɗe taminal ya tarar ko `ls` ba ya yi, ko `nano` da zai gyara ɓarnar ba ya buɗewa, hankali ya tashi har wasu su fara tunanin sake zuba Ubuntu gaba ɗaya alhali abin bai kai nan ba, `export PATH=/usr/bin:/bin` kawai za ka buga komai ya dawo a wannan tagar, sai ka je ka gyara fayil ɗin a natse.

Sai wani abu da yake rikita mutane sosai: ba kowane fayil shel yake karantawa kowane lokaci ba. Bash in ka shigo ta ssh, wato hanyar shiga wata kwamfuta daga nesa, yana neman `.bash_profile` ne, in babu ya duba `.bash_login`, in babu ya duba `.profile`, kuma guda ɗaya tak yake ɗauka. In kuma sabuwar taga ka buɗe a Ubuntu `.bashrc` yake karantawa. Masu Mac kuwa tun macOS Catalina a 2019 aka mayar da su zsh, wani shel daban, nasu `.zshrc` ne, za ka ga mutum ya yini yana gyara `.bashrc` ba abinda ya canza saboda ba mai karanta shi. Kafin a taɓa komai a fara buga `echo $SHELL`.

Tambaya: Malam barka da aiki. Daga Kano nake, ina kula da sabar wani kamfani ta ssh. Matsalata netwok ne, ina tsaka da aiki mai tsawo sai ya yanke, taminal ya daskare, in na koma kuma aikin ya mutu a hanya. Ga ɗauke wuta. Akwai dabara?

Amsa: Akwai ɗan'uwa, kuma a ganina duk wanda yake aikin saba daga ƙasashenmu wannan ne ya kamata ya fara saitawa kafin ya yi maganar kala ko ado. Yawancin darussan da ake gani a intanet waɗanda suka rubuta su ba su san ɗauke wuta ba, shi yasa ba sa kawo maganar da wuri.

Dalilin mutuwar aikin shi ne in ssh ya yanke, sabar tana aika wa duk abinda ka kunna a wannan zaman sigina cewa mai shi ya tafi, su kuma su rufe. Maganinsa tmux, manhajar da take riƙe zamanka na taminal ko ba ka nan, amma a kan sabar za ka girka shi ba a laftof ɗinka ba, nan ne wasu suke kuskure. Kana shiga ka buga `tmux new -s aiki`, ka yi komai a ciki. Ko netwok ya yanke, ko batir ya mutu, ko ka rufe laftof ka tafi masallaci, aikin yana can yana tafiya, in ka dawo `tmux attach -t aiki` za ka tarar da allon yadda ka bar shi. In da gangan kake son fita, Ctrl da b sannan ka saki ka danna d. In yatsunka ba su saba ba sa `set -g mouse on` a `~/.tmux.conf` ka riƙa amfani da maus kafin ka saba, ba abin kunya bane.

Daskarewar kuma, buɗe `~/.ssh/config` a laftof ɗinka ka rubuta kamar haka:

`Host aiki`
`  HostName adireshin-sabarka`
`  User sunanka`
`  ServerAliveInterval 30`
`  ServerAliveCountMax 4`

Duk sakan 30 da aka yi shiru ssh zai taɓa sabar ya ji ko tana nan, in ya taɓa sau 4 ba amsa ya sallame ka, kaga cikin kamar minti biyu ka san matsayinka maimakon ka zauna kana kallon allo. Ga kuma ƙarin riba, daga yanzu `ssh aiki` kawai za ka riƙa bugawa. In ya riga ya daskare kar ka rufe tagar, danna Enter, sai `~`, sai ɗigo, nan take zai sake ka. In kuma kai ne mai iko da sabar gwada mosh, wani madadin ssh, shi da hanyar tura bayanai da ake kira UDP yake aiki, ko ka sauya daga wayfai zuwa datar waya zaman bai mutu ba, sai dai dole ka buɗe masa ƙofofin UDP daga 60000 zuwa 61000.

Tunda ana maganar yankewa, `wget -c` yana ci gaba daga inda saukewa ta tsaya, `rsync -P` ma haka wajen tura manyan fayiloli. `git clone`, umarnin ɗauko rumbun kod, shi ne ba ya ci gaba, in ya yanke daga farko za ka koma, don haka in rumbun babba ne fara da `git clone --depth 1`, daga baya in ka samu netwok mai kyau `git fetch --unshallow` ya kawo sauran tarihin.

Tambaya: Yallaɓai GitHub ya ƙi karɓar fasawod ɗina a taminal alhali da shi nake shiga a burauza. An yi min kutse ne?

Amsa: Ba wanda ya taɓa akawun ɗinka. Tun 13 ga Agusta 2021 GitHub ya daina karɓar fasawod wajen tura kod ta taminal, sai dai tokin, wato doguwar lambar sirri da shi GitHub yake ba ka, ko makullin ssh, ni kuma makullin nake ba kowa shawara saboda sau ɗaya ake wahalarsa. Buga `ssh-keygen -t ed25519`, zai haifar da fayil biyu a `~/.ssh`. Mai `.pub` a ƙarshe kamar kwaɗo ne, kana iya ba kowa ya rataya a ƙofarsa, ɗayan kuma shi ne makullin, ba ya barin aljihunka, ba a tura shi a WhatsApp ko da ogan aikinka ne ya nema. In `ssh-keygen` ya tambaye ka kalmar sirri ka sa, laftof ana sacewa. Sai `cat ~/.ssh/id_ed25519.pub`, ka kwafe ka kai wajen makullan ssh a saitin GitHub, ka gwada da `ssh -T git@github.com`, in ya gaishe ka da sunanka an gama. Rumbun da ka riga ka ɗauko ta https sai ka juya shi da `git remote set-url origin git@github.com:sunanka/aikinka.git`. In ssh ya yi ƙorafi da manyan baƙaƙe cewa makullin a buɗe yake, `chmod 600` akan fayil ɗin makullin. Wani wayfai na makaranta ko ofis yana toshe ƙofa ta 22 da ssh yake bi, nan kuma GitHub ya tanadi `ssh.github.com` a ƙofa ta 443.

Tambaya: Malam Windows ce a laftof ɗina, abokaina sun dame ni wai in goge ta in sa Linux in ba haka ba ban zama firogirama ba. Ni kuma ina buƙatar Word da Excel saboda makaranta.

Amsa: Kar ka goge komai ɗana. In Windows 11 ce, ko Windows 10 daga siga ta 2004 zuwa sama, buɗe PowerShell a matsayin admin ka buga `wsl --install`, zai kawo maka Ubuntu cikin Windows ɗin, da ainihin kanel na Linux, wannan tsarin shi ake kira WSL. In ya ƙi, yawanci abinda ake kira virtualization ne a kashe a BIOS, sai ka shiga ka kunna.

Abu biyu nake so ka riƙe. Na farko ka ajiye ayyukanka a cikin gidan Linux ɗin, misali `~/ayyuka`, kar ka ajiye su a `/mnt/c`, domin duk fayil ɗin da WSL 2 zai karanta daga ɓangaren Windows sai ya tsallaka iyaka, aikin da yake da dubban ƙananan fayiloli irin na npm, abin girka kayan JavaScript, zai yi ta jan ƙafa har ka zargi laftof ɗin alhali ba laifinta. In kana son ganin foldar a Windows `explorer.exe .` zai buɗe maka ita. Na biyu ƙarshen layi: Windows tana rufe kowane layi da alama biyu, Linux da guda ɗaya, shi yasa in ka rubuta sikirif a Windows ka kunna a Linux za ka ga wani `^M` da `bad interpreter`. `sed -i 's/\r$//' fayil.sh` yana wanke shi, kuma ka sa `*.sh text eol=lf` a `.gitattributes` don kar ya dawo wa abokan aikinka.

Gaskiya dai in RAM ɗinka 4GB ne WSL 2 zai matse ka, domin yana iya cin har rabin RAM ɗin. Kana iya taƙaita shi da `memory=2GB` a ƙarƙashin `[wsl2]` cikin fayil ɗin `.wslconfig`, ko kuma ka fara da Git Bash da yake zuwa tare da Git na Windows, ya ishe ka koyon git da ssh da umarnin yau da kullum.

Tambaya: Sannu da ƙoƙari Malam. Daga Damagaram nake rubuto maka, muna tara rubutun Hausa ni da wasu 'yan'uwa a Najeriya. Fayilolin da sunansu yake da ɗ ko ƙ git yana nuna su da wasu lambobi, wani fayil kuma in na kira shi taminal sai ya tsaya yana nuna min `>` ba ya komai.

Amsa: Madalla da wannan aiki Hajiya, Allah Ya ƙara ƙarfin gwiwa. Fayilolinku ba su lalace ba. Git ne a ɗabi'arsa duk harafin da ya fita daga ASCII, wato haruffan Turanci marasa ƙugiya, yake nuna shi da lambobin bayit ɗinsa, ɗ ta zama `\311\227`, ƙ ta zama `\306\231`. Layi ɗaya ne maganinsa: `git config --global core.quotepath false`. Sai ki buga `locale` ki tabbata abinda ya fito yana ƙarewa da UTF-8, in kika ga `C` ko `POSIX` kawai, wanda ya fi faruwa a sabobi da cikin Docker, ki sa `export LANG=C.UTF-8`. Waɗanda suke Windows a cikinku su buga `chcp 65001` a tsohon taminal ɗin, kuma a Python duk inda za a buɗe fayil a rubuta `encoding="utf-8"` ƙarara, in ba haka ba Windows za ta zaɓi nata tsarin ta dagula ƙugiyoyin, wani lokacin ma ba tare da ta yi ƙorafi ba, sai bayan an tara rubutu da yawa a gano, wannan shi ne abinda na fi ji muku tsoro.

Na biyun kuma na tabbata fayil ɗin daga wajen 'yan Najeriya ya zo. Ku a Nijar kuna rubuta ƴ da ƙugiyarta, a Najeriya kuma 'y ake rubutawa da waƙafi a sama, toh shi wannan waƙafin a wajen shel buɗe zance ne, in kika rubuta `cat 'yan_makaranta.txt` zai zauna yana jiran ki rufe zancen da kika buɗe, shi ne `>` ɗin da kike gani. Ctrl da c ki fita, sannan ki rufe sunan da waƙafi biyu: `cat "'yan_makaranta.txt"`. Shawarata ku yi yarjejeniya tsakaninku, cikin fayil a rubuta Hausa da duk ƙa'idarta ba ragi, sunan fayil kuma a bar shi ba waƙafi ba tazara.

Tambaya: pip yana ce min `externally-managed-environment` tunda na sabunta Ubuntu. Wani ya ce in ƙara sudo ko `--break-system-packages`.

Amsa: Kar ka bi wannan shawarar. Tun Debian 12 da Ubuntu 23.04 a 2023 aka sa wannan shingen da gangan, saboda shi kansa tsarin yana dogara da Python ɗin nan, in pip ya canza masa kaya wasu manhajojin tsarin suna iya tsayawa. Maganin shi ne venv, keɓaɓɓen wajen Python na kowane aiki: `sudo apt install python3-venv` sau ɗaya, sannan a kowane aiki `python3 -m venv .venv` da `source .venv/bin/activate`, ka zuba abinda kake so a ciki, ka sa `.venv` a `.gitignore`. In manhajar taminal ce da kake so ko'ina, sai ka girka ta da pipx maimakon pip.

Tambaya: Malam ba ni da laftof sai waya Android, amma ina son koyo. Zai yiwu ko in haƙura sai na samu?

Amsa: Kar ka jira, fara yau. Termux zai ba ka taminal na gaske a wayar, ka ɗauko shi daga F-Droid ko shafinsu na GitHub, kuma duk ƙarin kayansa ka ɗauko daga waje ɗaya da shi don in ka gauraya ba sa shiga. `pkg upgrade` da farko, sai `pkg install python git openssh`. Maɓallin rage sauti yana tsayawa a matsayin Ctrl. `termux-setup-storage` zai ba ka hanyar zuwa fayilolin wayar, amma ayyukanka na git ka bar su a cikin gidan Termux. Ka sani in ka goge manhajar duk abinda yake ciki ya tafi, don haka kullum ka riƙa tura aikinka GitHub. Daga Android 12 tsarin yana kashe ayyukan bayan fage in sun yi yawa, in ka ga `signal 9` shi ne, ka cire Termux daga tsimin batir ka buga `termux-wake-lock`, yana ragewa duk da ba ya hanawa gaba ɗaya. In ka samu ɗan kuɗi sayi kibod na Bluetooth kafin komai.

Tambaya: Na ga wani a YouTube taminal ɗinsa ya yi kyau, na kwafo duk `.zshrc` ɗinsa da Oh My Zsh da fulogin da yawa. Yanzu taminal ɗina yana daɗewa kafin ya buɗe kuma wasu umarnin sun canza hali. Me zan cire?

Amsa: Ɗan'uwa ni da za ka ji tawa, ka ajiye fayil ɗin gefe da `mv ~/.zshrc ~/.zshrc.tsoho` ka fara da fanko. Oh My Zsh ba shi da laifi, tun 2009 mutane suke cin moriyarsa, amma duk layin da yake cikin wannan fayil umarni ne da ake kunnawa da ikonka duk sanda ka buɗe taga, kuma shi wancan mutumin ya rubuta nasa ne don aikinsa da injinsa mai ƙarfi. Ka riƙa dawo da layi ɗaya-ɗaya, wanda ba za ka iya faɗin aikinsa da bakinka ba ka bar shi a waje tukuna. Umarnin da ya canza hali kuwa `type -a sunansa` zai tona maka ko laƙabi, wato `alias`, aka ɗora masa. Nauyin buɗewa sau da yawa nvm na Node ne ko conda na Python suke jawo shi, `time zsh -i -c exit` zai nuna maka sakan nawa ake ci, ka cire abu ka sake aunawa. Haka ma umarnin girke-girke da ake cewa ka haɗa `curl` da `bash` kai tsaye, sauke fayil ɗin ka karanta shi tukuna.

Abinda ni nake ganin ya cancanci shiga da farko shi ne tarihin umarni, domin shi ne yake rage maka bugu na gaske. Ctrl da r, ka rubuta ɗan guntun abinda ka tuna, ya zaƙulo maka dogon umarnin da ka yi watan jiya. A zsh ka sa `HISTFILE=~/.zsh_history` da `HISTSIZE=50000` da `SAVEHIST=50000` da `setopt INC_APPEND_HISTORY`. Masu bash kuma su sani Ubuntu 1000 kawai yake riƙewa, su ɗaga `HISTSIZE` da `HISTFILESIZE`, sannan bash ba ya rubuta tarihin a fayil sai an rufe taga lafiya, kenan in wuta ta ɗauke kwamfuta ta mutu duk na ranar ya tafi, `PROMPT_COMMAND="history -a"` yana sa ya riƙa rubutawa bayan kowane umarni. Laƙabi kuma sai abinda ka ga kana maimaitawa, irin `alias gs='git status'`, guda biyar da ka haddace sun fi ɗari da ka kwafo.

In fayil ɗin ya fara kama jikinka sai ka buɗe folda `~/dotfiles`, ka mayar da su ciki, ka haɗa da `ln -s`, ka sa a git, ranar da ka canza laftof cikin 'yan mintuna ka koma yadda kake. Sai dai tokin da fasawod ba sa shiga wannan rumbun ko da na sirri ne, ka ware su a wani fayil kamar `~/.sirri` ka kira shi da `source`. In kuma dole ka buga wani sirri a kan layi, fara da tazara ɗaya kafin umarnin, a bash na Ubuntu ba zai shiga tarihi ba saboda `HISTCONTROL=ignoreboth` da yake zuwa da shi, kai mai zsh kuma sai ka ƙara `setopt HIST_IGNORE_SPACE` da kanka.